Yadda Za Ka Raya Ƙasar da ke Ƙarƙashin Ciyawar Gidanka a Kano

Sana'ata dasa ciyawa ce da kula da ita, a gidaje da makarantu da harabar ofisoshi, tun daga Nassarawa da Bompai har sababbin unguwannin da ke tashi ta hanyar Zariya da hanyar Gwarzo. Koken da na fi ji iri ɗaya ne: "Malam, ciyawar nan ta ƙi mu. Ruwa kullum muna ba ta, taki ma ba mu rage ta da shi ba, amma sai ja take yi." In na je gidan ba ganye nake fara dubawa ba. Shebur nake sawa in yanko ƙasar zurfin kamar santimita 20, in ɗago ta, in murza, in shinshina. Abin da nakan tarar sau da yawa shi ne jar ƙasa da marmara da tifa ta kawo aka cike fili, motoci da masu kwaɓa siminti suka daddanne ta lokacin gini, ga guntayen bulo a ciki, sannan aka barbaɗa baƙar ƙasa 'yar kaɗan a sama aka dasa. Saiwar ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Babu tana, babu ƙamshi. Irin wannan ƙasa ko buhu nawa na takin zamani ka juye mata, koren mako biyu ko uku kawai ka saya.

Abin da ta rasa masu rai ne, waɗanda ido ba ya gani. A giram ɗaya na ƙasa mai lafiya, abin da bai cika cokalin shayi ba, akan sami ƙwayoyin bakteriya daga miliyan ɗari har zuwa biliyan guda. Mutanenmu da sun ji an ambaci bakteriya sai hankalinsu ya tafi kan kwalara da taifot, alhali kindirmon da muke sha su suka kama shi, daddawar da ke miyarmu su suka nunar da ita. Wanda ya fi aiki a cikin kalwa har ta zama daddawa, Bacillus subtilis, shi ɗin dai yana zaune a jikin saiwar tsirrai, yana kuma cikin masu tare musu cututtukan funfuna. Abin da nake so ka riƙe shi ne, waɗannan halittu ba sai ka saye su a kwalba ba. Suna nan a ƙasa da ƙura da kashin dabbobi. Abinci da iska da danshi suke nema. In ka ba su, da kansu za su yaɗu, ciyawa kuma ta biyo bayansu.

Aikin da suke yi a ƙarƙashin ƙafarka

Ba warwatse suke ko'ina daidai ba, a bakin saiwa suka fi cunkushewa. Ciyawa tana haɗa sukari a ganyenta da hasken rana, sai wani kaso ya tsiyaya ta saiwa, bakteriya su taru su ci. Wani masani Bajamushe, Lorenz Hiltner, ya bayyana wannan ɗan zagayen ƙasa da ke manne da saiwa tun 1904. Cuɗe ni in cuɗe ka ne tsakaninsu, don haka duk abin da ya gajarta saiwa, kamar aske ciyawa ƙasa-ƙasa ko ba ta ruwa ɗis-ɗis, yunwa yake jawo musu.

Babban aikinsu ruɓarwa. Duk ganyen da ya faɗi, duk saiwar da ta mutu, su da funfunan ƙasa da tana ne ke narkar da ita, abincin da ke ciki ya koma wa mai rai. A cikinsu akwai dangin Streptomyces masu iya cin abubuwa masu tauri. Su ne ke fitar da sinadarin da ke ba ƙasa ƙamshin nan da muke ji ranar ruwan farko, kuma daga ɗaya daga cikinsu aka samo maganin Streptomycin a Amurka a 1943, maganin farko da ya yi tasiri kan tarin fuka. Halittar da ke iya kashe ƙwayar tarin fuka ba za ta rasa abin yi da masu cutar da saiwa ba. Hancinka kenan ma'auni ne: ƙasar da ke ƙamshi tana da rai.

Sai batun yuriya, wanda mutane suka fi jahilta. Yuriyar da ka watsa, yawancinta ba a haka ciyawa ke shan ta ba. Ƙwayoyin ƙasa ne ke fara fasa ta ta zama amoniyam. Daga nan wasu bakteriya da ake kira Nitrosomonas su juya shi, wasu da ake kira Nitrobacter su ƙarasa shi ya zama naitiret, wanda saiwa ke zuƙa cikin sauƙi. Wani masani ɗan Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya gano irin waɗannan wajen 1890. Dukkansu sai da iska suke aiki. In ruwa ya kwanta a fili ya toshe iskar, wasu bakteriyan daban ne ke karɓar filin, su maida naitiret ɗin iska ya tashi sama. Takin da ka saya da kuɗinka ya tafi ba tare da ciyawa ta ɗanɗana ba.

Akwai kuma masu kamo naitirojin, wato abincin tsiron da ke cikin yuriya, daga iska. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma tsiro ba ya iya cin sa a haka. Manomi ya san gonar da aka yi wake ko gyaɗa takan yi wa gero kyau a shekara mai zuwa. Tumɓuke gindin gyaɗa ka ga 'yan ƙululun da ke jikin saiwarta, ka fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, bakteriyan Rhizobium na ciki suna aiki. Martinus Beijerinck na ƙasar Holan ne ya fara ware su a 1888. To amma ciyawar fili ba ta yin waɗannan ƙululu, kada wani ya ruɗe ka. Nata abokan su ne Azotobacter, wanda shi Beijerinck ɗin ya gano a 1901, da Azospirillum, wanda aikin Johanna Döbereiner a Barazil ya fito da shi a shekarun 1970 daga saiwar ciyayin ƙasashe masu zafi irin tamu. Naitirojin da suke kamowa bai taka kara ya karya ba, ba zai maye gurbin taki ba. Amfaninsu da ya fi bayyana shi ne sinadaran da suke fitarwa masu sa saiwa ta yi rassa da gashi, ta fi iya neman ruwa.

Wasu dangin Bacillus da Pseudomonas kuma suna sako fosfaras, wani abincin tsiro da jar ƙasa ke riƙewa gam. Yauƙin da bakteriya ke fitarwa shi ke taimakawa wajen haɗa yashi da laka su dunƙule 'yan ƙanana, ruwa ya sami hanyar shiga, ya kuma sami wurin tsayawa. A jigawar Kano, inda ruwa ke zurarewa da ka juya baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Fara da haɗa taki

Duk sauran abin da zan faɗa ya rataya ne kan wannan, don haka zan daɗe a kansa. Kakanninmu ba su san sunan ko ɗaya daga cikin ƙwayoyin nan ba, amma jakuna sun yi shekaru aru-aru suna fita ta ƙofofin birni da mangalar taki zuwa gonakin kewaye, shi ya sa ake noma ƙasa ɗaya shekara da shekaru ba ta mutu ba. Sai dai bolar da da ta yau ba ɗaya ba ce. Ta da toka ce da kashin awaki da ganye. Ta yau leda ce da batir da fasassun kwalabe da allurai. Kada ka bari a kawo maka ita a ce baƙar ƙasa ce.

Kayan haɗi ba su da wuyar samu. Kashin shanu ko awaki ko tumaki daga masu kiwo a unguwa, musamman bayan Babbar Sallah lokacin da kowane turke ke neman mai kwashewa. Kashin kaji daga gidan gona, amma kaɗan, don yana da zafi. Busasshen ganyen mangwaro da darbejiya da ake sharewa a gidanka. Ragowar kayan miya irin wanda ake zubarwa a Yankaba, ko ruɓaɓɓun 'ya'yan itace daga 'Yan Lemo. Ɓuntun shinkafa in ka samu. Banda nama da mai da kashin kare ko kyanwa, banda abin da ya fito daga masai.

A wuri mai inuwa za ka yi. Da rani rami ya fi, zurfin gwiwa ko sama da haka, don iskar Kano tana busar da tsibi cikin kwana kaɗan. Da damina a kan ƙasa za ka tara, kada ruwa ya kwanta a ciki. Ka jera hawa-hawa: busassun kaya kashi biyu ko uku, ɗanyen kaya da kashin dabba kashi ɗaya, ka watsa shebur ɗaya na ƙasar lambu, ka yayyafa ruwa, ka sake. Girmansa ya kai mita guda a tsawo da faɗi da tudu, in bai kai ba ba ya riƙe zafi. Danshinsa ya zama kamar na dambu: in ka dunƙula ya haɗu a hannu, amma ruwa ba ya ɗiga. Ka rufe da tsofaffin buhuna ko tsohuwar tabarma, ka soka rodi a tsakiya ka bar shi. Bayan kwana uku ko huɗu ka zaro rodin. In ya yi zafi har ba ka iya riƙe shi da daɗewa, bakteriya sun kama aiki. Tsibi mai kyau yakan kai digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin irin ciyayi da ƙwayoyin cuta. In rodin ya fito da sanyi, ko ruwa ya yi kaɗan ko kashin dabba. In wari ya tashi, ruwa ya yi yawa, ka ƙara busasshen ganye ka juya.

Duk mako biyu ka juya shi, na waje ya koma ciki. Cikin wata biyu zuwa uku zai huce, ya yi duhu, ya daina wari, ba ka iya gane wane ne ganye wane ne kashi. In kana shakka, cika gwangwani da shi ka shuka wake ƙwaya biyar. In suka fito lafiya ya nuna. Sai ka tankaɗe shi da ragar waya, ka tsince gwazarma ka ba kaji.

Abu biyu nake roƙon mutane su daina. Na farko zuba ɗanyen kashi kai tsaye a kan ciyawa: yana ƙona ta, yana kawo irin ƙarangiya da tsidau da harkiya, yana kuma ɗauke da cututtuka a wurin da yara ke birgima. Na biyu ɗanyar dusar katako daga Na'ibawa. Mutum ya ga tana da laushi da araha sai ya shimfiɗa. Ita kuwa kusan babu naitirojin a cikinta, sai bakteriyan da ke ƙoƙarin cin ta su janye wanda ke ƙasa, ciyawa ta yi rawaya. In dole ka yi amfani da ita, sai ta ruɓe tare da kashin kaji tukuna. Kuma mai aikin taki ya sa takalmi da safar hannu. Ba duk bakteriyan ƙasa ne abokai ba, mai kawo cutar tetanos ma a ƙasa da kashin dabbobi yake zaune, ta rauni yake shiga.

In fili sabo ne

A nan ka fi samun sauƙi, don ba abin da za ka lalata. Ka sa diga a fasa ƙasar zurfin santimita 20 zuwa 25, a tsince bulo da siminti da leda kaf. A shimfiɗa ruɓaɓɓen taki kaurin santimita 5, a cuɗa shi da ƙasar, a daidaita yadda ruwa zai gangara nesa da gini. Mai haƙuri nakan ba shi shawarar ya shuka wake a filin damina guda, da ya fara fure a sare shi a binne, sannan a dasa ciyawa. Ba kowane maigida ke yarda ba, wani yakan ce, "Haba Malam, gona zan yi a ƙofar falo?" Nakan ce, "Ranka ya daɗe, wata biyu ne kawai." Waɗanda suka yarda su ne ba na yawan komawa gidansu gyara. Ciyawar da na fi dasawa ƙiri-ƙiri ce, don tana jure zafi da takawa, in ta bushe da rani kuma tana farfaɗowa.

In ciyawar tana nan amma ta gaji

Buɗe mata hanyar iska tukuna. Washegarin ruwan sama ko ban-ruwa mai kyau, lokacin da ƙasa ke da laushi amma ba caɓi ba, a bi filin ana huda ramuka zurfin santimita 8 zuwa 10, tazarar kamar tafin hannu. Rodi yana yi, amma ya fi kyau ka je wurin mai walda ya yanko maka guntun bututun ƙarfe, ya wasa bakinsa, ya tsaga gefensa, ya sa masa matakin ƙafa da mariƙi. Rodi tura ƙasa yake gefe, bututu kuwa ciro ta yake waje, ramin ya fi daɗewa a buɗe. Ka fi ba da ƙarfi a inda ake yawan bi da inda mota ke hawa.

Nan take, kafin ramukan su rufe, ka barbaɗa tankaɗaɗɗen taki kaurin rabin santimita zuwa santimita ɗaya. Fili mai mita 10 tsawo da mita 10 faɗi zai ci baro 8 zuwa 15. Ka bi shi da tsintsiyar kwakwa ko bayan manjagara ya shiga ramuka, har kan ganyen ya fito fili, sannan ka ba da ruwa. Kada ka binne ciyawar. Lokacin da ya fi dacewa a Kano shi ne da damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli, lokacin da ƙiri-ƙiri ke gudu da ƙarfinta. Wannan aiki sau ɗaya a shekara ya fi duk abin da za ka saya a shago.

Sai shara. Mu Kanawa muna son tsakar gida fes, kuma abu ne mai kyau, amma a kan ciyawa al'adar tana cutarwa. Yaro ya gama yanka, ya share kowane ɗan ganye, ya tara a lungu ya cinna wuta. Abincin bakteriya kenan ya tashi a hayaƙi. Yankakken ganye yawancinsa ruwa ne, cikin kwana kaɗan yake narkewa, kuma yana iya mayar wa fili kusan kwata na naitirojin da yake buƙata. Nakan ce wa uwar gida, "Hajiya, ki yi haƙuri da shi kwana biyu, in kin ƙara ganinsa ni zan zo in share." Sharaɗin shi ne a riƙa yanka a kai a kai, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganye a yanka guda. Ƙiri-ƙiri ta gida tsawon santimita 3 zuwa 4 ya yi mata, da bazara a ɗaga inji zuwa 5 don ganye ya yi wa ƙasa inuwa. Wuƙar inji ta zama mai kaifi. Langalanga tana yage ganye ne, kuma takan kwashe har ƙasa a wasu wurare. In ciyawa ta riga ta yi tsawo har yankakken ya taru dami-dami, ko tana da cuta, ko ciyayin banza sun yi iri, to a nan a kwashe a kai ramin taki.

In ka tura yatsa ka ji wata shimfiɗa ta matattun kara da saiwa tsakanin ganye da ƙasa, wadda ta wuce santimita ɗaya da rabi, alama ce ciyawa na tara gawa fiye da yadda ƙwayoyin ƙasa ke iya ci. Yawan yuriya da rashin iska ke kawo ta. Tana hana ruwa shiga, kuma gara na son ta. A ja ta da manjagara da ƙarfi, a huda, a barbaɗa taki.

Ruwa

Tiyo a hannu, yayyafin minti goma kowace yamma, wannan ne ban-ruwan yawancin gidaje. Yana jiƙa saman ƙasa kawai, saiwa ta tsaya nan sama, rana ta fito ta gasa ta ita da bakteriyan da ke jikinta. Abin da ake so ruwa mai yawa, jefi-jefi. A ƙiyasi, kowane murabba'in mita yana son lita 25 a mako, wato jarka guda ta 'yan garuwa. Daga Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, sai ka ƙara kusan rabin haka. Ka raba shi sau biyu a mako, sau uku in ƙasarka yashi ce sosai. Don ka san abin da kake bayarwa, ajiye gwangwanayen kifi a wurare daban-daban a filin ka ga tsawon lokacin da ruwa zai kai santimita ɗaya da ɗan wani abu a ciki. Bayan sallar Asuba ya fi, ganye ya bushe da hantsi. Ganyen da ya kwana a jiƙe shi funfuna ke kamawa.

Yi lissafi da kyau kafin ka dasa. Filin nan mai mita 10 da 10 jarka 100 yake sha a mako, a garin da unguwanni da yawa ke sayen ruwan sha. Ni a ganina ƙaramin fili mai rai ya fi babba da ake azabtarwa, kuma ya fi dacewa da haƙƙin maƙwabta. Ruwan alwala yana da kyau ƙwarai, in za ka iya jan bututu daga inda ake yi zuwa filin. Ruwan wanki mai omo da bilic da ruwan wankin mota kuwa a kau da su. Haka baƙin man janareta, inda ya zuba sai an kwashe ƙasar. Ruwan kwatar da ya biyo ta wajen masana'antun jima na Sharaɗa ko Challawa ko Bompai ma kada ya kusanci filinka. In kana ganin farin gishiri a saman ƙasa daga ruwan burtsatse, lokaci-lokaci ka ba da ruwa mai yawa ya wanke shi ƙasa.

Takin zamani da magunguna

Ban ce ka bar takin zamani ba. Ciyawar da ake yanka kullum tana buƙatarsa, illa dai da awo. Ga fili mai murabba'in mita 100, kamfa mai lamba 15-15-15 kilo 3 ya isa a farkon damina. Yuriya kuwa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, don haka kada ta wuce kilo ɗaya a zubi guda, kuma filin da ke samun taki da yankakken ganye rabin kilo ma yana yi masa. A watsa ta ganye na bushe, da sanyin yamma ko sassafe, a bi ta da ruwa nan take. In ta kwana a saman ƙasa mai zafi, wani kaso mai yawa yana tashi a matsayin amoniya. Kada a haɗa ta da toka, toka na ƙara wannan asara. Kada kuma a zuba a tsakiyar marka ta Agusta, ruwa zai wanke wani, bakteriyan caɓi su tashi da sauran. Satumba ta fi.

Yawancin bakteriya masu amfani sun fi son ƙasar da ma'aunin tsaminta ke tsakanin 6 da 7. Yawan yuriya shekara bayan shekara yana tsamar da ƙasa, ɓaraguzan siminti kuma suna tura ta ɗaya ɓangaren. In ka yi duk abin da na faɗa fili ya ƙi, ɗebi ƙasa daga wurare biyar ko shida, ka cakuɗa, ka kai sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Bayero a auna maka kafin ka ƙara kashe kuɗi.

Maganin feshi a yi shi a inda matsalar take kawai, ba a wanke fili duka da shi don riga-kafi ba. Masu ƙarfi na ƙwari suna kashe tana, ita kuwa ita ke haƙa hanyoyin iska kyauta. Aya-aya a tono ta da 'ya'yanta lokacin da ƙasa ke da laushi. In ka ga da'irar ja tana faɗaɗa da damina, kafin ka nemi maganin funfuna ka tsayar da yuriya, ka daina ban-ruwan dare, ka huda wurin.

Kwalabe da ledojin da ake tallatawa cewa akwai bakteriya a ciki fa? Wasu gaskiya ne. Nodumax da cibiyar binciken noma ta IITA ke yi a Ibadan misali ne, amma na waken soya ne, ana shafa shi a jikin iri, kuma yana aiki ne don ƙwayar da tsiron sun dace da juna. Ba na ciyawar fili ba ne. Waɗanda ake yi don ciyawa sakamakonsu ba ya tabbata, wani wuri a ga canji wani wuri shiru, domin baƙin da ka zuba sai sun yi gogayya da biliyoyin 'yan gida, kuma in babu abinci a ƙasar mutuwa za su yi. Ga shi abu ne mai rai, in ya yi watanni a shagon kwano cikin zafin Kano da wuya ya kai labari. In kana son gwadawa, duba ranar lalacewarsa, ka zuba da yamma a ƙasa mai danshi, a rabin fili kawai, ka bar ɗaya rabin don ka kwatanta.

Akwai abin da bakteriya ba sa gyarawa. Ƙiri-ƙiri tana son rana mafi yawan yini. A ƙarƙashin mangwaro ko darbejiya mai duhu za ta yi ta sirancewa ko me ka yi mata, gara ka rage rassa ko ka bar wurin ya zama na zama. Kuma kada ka sa ran canji a mako guda. Filin da aka huda aka ba taki a Yuli, sai wajen ƙarshen damina za ka ga saiwa ta nutsa, ruwa ya daina kwanciya, tazarar ban-ruwa ta ƙaru.

Da hunturu ya shigo, daga Disamba zuwa Janairu, ciyawa takan rage gudu ta ɗan dusashe, ƙwayoyin ƙasa ma aikinsu na lafawa saboda sanyi da bushewa. Wannan ba ciwo ba ne, kada ka bi ta da yuriya. Rage yanka, ka ba da ruwa sosai sau ɗaya a mako don ƙasa kada ta bushe ƙarau, ka wanke ƙurar da ta kwanta a ganye. Ganyen da bishiyoyi ke zubarwa a wannan lokaci a tara shi a buhuna kada a ƙona, domin a Maris za ka haɗa sabon rami, ya nuna daidai lokacin da za ka huda fili a ƙarshen Yuni.